Bututun Motar Baba Abakar

Zaman Masar wahala ne, ba wani abu ba. Duk wanda ya tambaye ni haka nake ce masa, in ya matsa in ba shi labarin zafi da kuɗin cizo, ya yi dariya mu rabu. Amma akwai labarin da ban taɓa ba kowa ba, har matata Hadiza.

Sunana Sabi'u. Gyaran famfo ne aikina, shekara ashirin da biyar ina yinsa a Tudun Wadan Zariya kafin in tashi. Na sauka Alƙahira gemuna ya riga ya fara furfura, da jakar kayan aiki da lambar wayar wani mutum da ya ce zai tarbe ni ya kai ni inda ake ginin sabon birni. Har yau lambar ba ta shiga ba. Na yini a bakin filin jirgi ina kallon fuskar kowane baƙin mutum, ko shi ne.

Zangona na farko Hayyus Sabi' ne, wurin ɗalibai 'yan gida masu karatun addini. Suka ba ni katifa a falo. Mutanen kirki ne, ba wanda ya taɓa nuna mini ya gaji da ni, amma ni na san duk lomar da na kai baki daga ɗan abin da ake ba su na karatu ta fito. Kuma in suka fara musu a kan littattafansu sai in zama kamar kujera a ɗakin. Na gyara musu duk famfon da ke ɗiga, har na maƙwabta. Ranar da na duba ban ga sauran abin gyarawa ba, sai na ɗauki jakata.

Daga nan sai Ardul Liwa. Ɗaki ɗaya a hawa na bakwai, mu biyar, ni kaɗai ne Bahaushe. Lungunan unguwar in kana tafiya 'yan keke mai ƙafa uku suna goga maka gwiwa suna zaginka. Wani usta, haka suke kiran mai sana'ar hannu, ya ɗauke ni aiki. Ba don ya ga hannuna ba. Akwai aikin da shi ba ya son taɓawa, masai da ya toshe da kwatar da ta cika, wannan ne nawa. In muka je Ma'adi, unguwar Turawa mai itatuwa, shi ya shiga ta ƙofar gaba a ba shi shayi, ni maigadi ya nuna mini matakalar baya. In an gama ya ce masu gida ba su ji daɗin aikin ba, ma'alish, wai in yi haƙuri, ya ba ni abin da ya ga dama. Wata takwas a haka. Wake da gurasa da safe, wake da gurasa da rana. Akwai ranar da na ji ƙanshin daddawa a cikin jirgin ƙasa, na bi shi tarago biyu ina ture mutane, ban ga mai shi ba.

A masallacin unguwa na haɗu da Baba Abakar. Bayan la'asar ne, na fito na tarar an taka mini takalmi har igiyar ta tsinke, na yi mita da Hausa. Sai wani dattijo siriri mai farar jallabiya ya juyo ya ce, "Kai ɗan wane gari ne?"

Hausarsa irin ta kakanni ce, an cuɗa ta da Larabci. Cikin Hausawan Sudan yake. Kakansa ya bar Kano da ƙafa za shi Makka, ya tsaya hutawa a hanya, hutun ya zama zama. Shi Baba direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa wa wasu Turawa masu yawon hamada mota mai ɗaki, irin wadda akwai gado da murhu da bayan gida duk a cikinta. Da yaƙi ya ɓarke Turawan suka hau jirgi suka bar masa makulli. Shi kuma ya sa matarsa a ciki ya yo arewa.

Matar, Hajja Zara, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ba ta iya hawa bene, kuma duk ɗakin da talaka zai samu a unguwar nan a sama yake. Don haka a cikin motar suke zaune, a garejin wani Bamisire, Mu'allim Ragab, inda direbobin manyan motoci ke kwantar da motocinsu. Bayan gidan motar taku uku ne daga gadonta. Taku ukun nan, in Baba ya riƙe ta, tana iyawa. Na huɗu ne ba ta iyawa.

"Hanya ta fasa mana abin a ƙasa," in ji Baba. "Yana ɗiga. Mu'allim ya ce direbobi sun kawo ƙarar wari. Ko mu gyara ko mu fita. In mun fita ban san inda zan kai ta ba."

Washegari na je da jakata. Ina taka matakalar motar sai na ji murya daga bayan labule.

"Malam, wa ka kawo mana?"

"Mai gyara ne, Hajja. Ɗan Zariya."

"Af, ashe bawanmu ne. Ka ce masa ya cire takalmi, Kanawa ne a ciki."

Na yi tsaye. Wata takwas ba wanda ya tsokane ni da harshena. Na ce, "Inna, Kanon da ba ki taɓa gani ba?"

"Ko ban gan ta ba ta fi Zariya. Kakata ta gaya mini Bazazzage in ya hango baƙo sai ya ɓoye ƙwaryar tuwo ya fito da doguwar gaisuwa."

"Ita kakar ba ta gaya miki Bakano sayar wa baƙo ruwan alwala yake ba?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Can sai ga hannun hagu ya fito ta gefen labule, da lalle a yatsu, riƙe da ɗan kofi na gahawa mai citta. Har muka rabu ban ga fuskarta ba. Hannun kawai na sani, da muryar.

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashin motar. Tanki biyu ne na roba, ɗaya na ruwan wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. Daga na bayan gidan wani baƙin bututu mai kaurin dantse ya fito zuwa wani makulli mai hannu, in ka ja ya buɗe a zubar. A wuyan tankin, inda bututun ya shiga, nan ya tsage. Na ga aikin bai kai na rabin yini ba.

Na yanke wurin da ya lalace. Na sayo farin bututu irin wanda muke sa wa gidaje, na kunna kwali na gasa bakinsa har ya yi laushi, na cusa baƙin a ciki ya buɗe daidai shi. Haka muke yi a gida, haka ubangidana ya koya mini, ban taɓa jin kunya a kansa ba. Na shafa gam na haɗa, na ɗaure shi da waya tam a jikin ƙarfen motar.

Baba ya tsuguna yana leƙe. Ya ce, "Usta, ba za ka sa roba a tsakani ba? Da akwai wata baƙar roba a nan, a hanya ta yage."

Na ce, "Baba, kai tuƙi ka sani. Roba aikin ragwaye ce. Wannan haɗin har jikokinka."

"To. Amma ka san gidan nan tafiya yake."

"Ina za shi? Ai ga shi a tsaye."

Mutumin da ya yi shekara talatin yana jin yadda motar nan ke murɗa jiki a kan rairayi ya gaya mini gaskiya, na mayar masa da magana. Gida ba ya motsi, shi ya sa haɗin gida ya zama ƙam. Mota kuwa sai an bar mata wurin lanƙwasawa. Kuma gam ɗin farin bututu ba ya kama baƙin, lafewa kawai yake yi. Duk wannan daga baya na sani.

Mako guda ba ɗigo ko ɗaya. Shi ne mako mafi daɗi da na yi a ƙasar nan. Kullum in na tashi aiki sai in biya, in zauna a matakala, hannun nan ya fito da gahawa, mu yi ta zagin garuruwan juna. Ta tambaye ni sunayen 'ya'yana ta haddace. Ta ce in kira Hadiza ta ji muryarta, suka yi ta hira kamar sun san juna, har tana ce mata ta yi haƙuri da auren Bazazzage, kowa da jarrabawarsa.

Ranar Alhamis da hantsi na je don mu zubar da tankin, ya kusa cika. Na tarar Mu'allim Ragab yana ta ɗaga murya, wata tirela za ta fita, a matsar da motar zuwa can ƙarshen fili. Na ce a bari mu zubar tukuna, ya ce yalla, yalla, a yi sauri, minti biyu ne. Baba ya tayar da mota. Ni da kaina na tsaya a baya ina yi masa alama da hannu. A tsakiyar filin akwai wani kwari da tayoyin manyan motoci suka haƙa. Tayar baya ta faɗa, motar ta karkata, na ji ƙas.

Abin da ya taru a tankin na mako guda ne ya zubo gaba ɗaya. Ya malala a kan siminti ya nufi inuwar da direbobi ke shan shayi. Suka tashi da gudu suna ɗaga ƙafa suna zagi. Da ma a nan aka tsaya. Sai wani mai ƙaton ciki ya toshe hanci ya ɗaga murya ya ce wai duk wannan na tsohuwa ɗaya ne, me suke ba ta. Sauran suka fashe da dariya. Ni da ɗan Larabcina na gane. Ita kuwa da Larabci ta tashi, kuma tagar da ke kan gadonta a buɗe take.

Na ɗauki tiyo da tsintsiya na wanke filin har azahar ta wuce. Na tura bokiti ƙarƙashin wurin da ya karye. Ban hau matakala ba, ban yi sallama da ita ba. Na ce wa Baba, "Gobe zan dawo."

Ban dawo ba. Na kashe waya. Na sauya masallaci. Kullum in na tashi sai in ce yau zan je, in na tuna muryar nan za ta ce wani abu, ko kuma ba za ta ce komai ba, sai in bi usta Ma'adi. Ba uzuri nake nema ba. Kunya ce, irin ta babban mutum da aikinsa ya tona masa asiri a gaban jama'a. Ina ta jinyar tawa, ban tsaya na tuna akwai wadda tata ta fi tawa ba.

Rana ta biyar na dawo daga aiki na tarar da Baba zaune a matakalar hawa na bakwai yana haki. Da tambaya ya gano gidan.

Ya ce, "Ban zo faɗa ba, ɗana. Zo ka ƙarasa aikinka."

Na ɗauki jakata muka tafi. Ina isa na durƙusa na jawo bokitin don in zubar kafin in fara. A bushe yake. Ƙura ce a ciki da guntun sigari da iska ta jefa.

Na ce, "Baba, yanzu ka zubar?"

"Ni bayan gidan masallaci nake zuwa."

"Ita fa?"

Ya kalli ƙasa. "Ta ce azumi take. Wai akwai ramuwa a kanta. In an kira magariba sai ta jiƙa leɓe ta ci dabino ɗaya ta ce ta ƙoshi."

Watan Agusta ne. Motar ƙarfe ce a fili, da rana in ka dafa jikinta sai ka cire hannu. Kwana biyar tsohuwa mai ciwo tana hana kanta ruwa don kada wani abu nata ya sake fitowa inda idon maza zai gani.

Ban san lokacin da na kai kasuwar 'yan gwangwan ba. Na samo tiyon lagireto na babbar bas, mai kauri, da maɗaurai na ƙarfe masu kusa guda huɗu. Na dawo na yanke farin bututuna na jefar. Na goge bakin biyun da sanfefa, na zura robar ta haɗa su, na ɗaure kowane gefe da maɗauri biyu. Wayar da na ɗaure da ita na kwance, na yanko tsohuwar taya na rataye bututun da ita yadda zai yi lilo in mota ta girgiza. Abin da Baba ya faɗa tun farko ke nan.

Sannan na je wurin Mu'allim Ragab. Da hannu da guntun Larabci na nuna masa ina son in ja tiyo daga makullin motar har cikin ramin kwata da ke jikin katanga, a rufe, ba bokiti. Na zaci zai kore ni. Sai ya shiga ɗakin ajiyarsa ya fito da dogon tiyo, ya ɗauko ƙarfe ya ɗaga murfin ramin da kansa. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Hajja tamam?" wato ko tana lafiya. Na ce sai addu'a.

Muka cika tankin da ruwa mai kyau. Na ce Baba ya tayar ya bi ta kwarin nan. Ya bi sau uku, ni ina tsugune ina kallo. Robar tana lanƙwashewa tana dawowa. Ko ɗigo. Muka mayar da motar jikin katanga, na haɗa tiyon na ja makullin, ruwan ya zube a rami.

Na wanke hannu na cire takalmi na hau matakala. Zafin cikin motar ya bugi fuskata.

"Inna, bawanku ya gama aiki."

Na matsa kusa da labulen.

"Inna, laifina ne. Baba ya gaya mini na ƙi ji. Yanzu tiyo ne daga mota har cikin rami, an rufe. Ba bokiti. Ba wanda zai ga komai, ko ni."

Muryar ta fito kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Ko kai?"

"Ko ni. In zan ja makullin, bango zan juya wa fuska."

"Bazazzage da alkawari," in ji ta. Can kuma ta ce, "Malam, ba ni ruwa."

Ta sha rabin kofi. Na ji saukarsa a maƙogwaronta daga inda nake. Na sauko na zauna a kan kwalina. Na tafi gida ina cewa an tsira.

Kwana biyu tana ɗan sha tana ɗan ci. A na uku ƙafafunta suka kumbura, ta fara kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Mu'allim Ragab ne ya kai su asibiti a motarsa. Likita ya ce ƙoda ce, ya ce tsufa ne da zafin bana. Baba bai ƙara masa bayani ba. Ta kwana biyu a can, ranar Lahadi da walaha ta cika.

Mutanen Sudan suka zo, ɗaliban Hayyus Sabi' ma na gaya musu suka zo, aka yi mata sahu mai kyau. Maƙabartar a bakin hamada take, nesa da gari. Da aka gama mutane suka nufi motoci, na tsaya kusa da Baba. Na buɗe baki in faɗi abin da ke cina, ya ɗaga hannu.

"Na san abin da za ka ce. Kwananta ne ya ƙare."

"Baba, da na dawo washegari..."

"Kai ba ka nan. Ni ina nan. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da ita, na san ba ta da ramuwar azumi ko ɗaya. Ta ce azumi ne, na yarda, don shi ya fi sauƙin yarda." Ya goge fuska da gefen rawani. "In za a raba, nawa ya fi naka. Ka bar shi a nan."

Ban iya barinsa a nan ba, har yau.

A hanyar dawowa ya gaya mini ba zai iya sake kwana a motar ba, zai koma wurin wani ɗan ƙanwarsa. Mu'allim ya samo masu son motar, gobe da hantsi za su zo gani. Ya sa direbobi biyu su wanke ta ciki da waje da ƙasa kafin su iso. Na tambaya su wane ne. Ɗaya daga ciki mai ƙaton cikin nan ne. Wai shi ya roƙa a ba shi aikin, don abin da ya faɗa ya dame shi.

Tun ranar da na gama gyaran ba a ja makullin ba. Abin da ta yi a kwana biyun nan da ta yarda ta sha ruwa yana nan a tanki.

Da safe ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na tafi garejin. Ba kowa sai maigadi. Na duba tiyon yana nan a cikin rami, murfi a kansa. Na durƙusa na laluba hannun makullin, na juya fuskata bango, na ja. Bai daɗe yana zuba ba, ɗan kaɗan ne. Na cire takalmi na shiga motar da bokitin ruwa. Labulen yana nan a sake, ban ɗaga ba. Na juye ruwan a masai, na fita na ɗebo wani, na juye, na sake ɗebowa, har na daina ƙirgawa. Sannan na rufe makullin, na zare tiyon na ɗauraye shi a cikin ramin, na naɗe, na mayar da murfi.

Rana ta ɗan ɗaga direbobin suka iso da bokitai da sabulu. Mai ƙaton cikin ya ajiye nasa zai shiga ƙarƙashi. Na tare shi na ce khalas, ƙasa an gama. Na nuna masa gilashin motar ya wanke.